Shebrole ta Bayan Garka

Shekara goma sha tara ta yi ƙarƙashin aduwa,
bayan garkar Nomau, nan cikin Tawa,
ƙafafu huɗu sun nutse a rairayi,
kaji na saka ƙwai a mazaunin direba.
Wani Ba'amurke mai haƙar rijiya ya bar ta,
ya ce zai dawo in damina ta wuce.
Damina nawa ke nan?

Kuɗin albasa buhu takwas na ba da.
Cima ta leƙo, ta dubi ƙarfen, ta dube ni,
ta ce, "Wanda ya sayi gawa,
likkafani na wuyansa."
Ban tanka ba. Na ɗaura igiya,
jakai biyu suka ja ta har ƙofar gida,
yaran unguwa na binmu da tafi.

Ranar da na ɗaga murfin inji
gidan zanzaro na tarar, da saɓar maciji.
Silinda takwas, kowace ta yi jugum
kamar dattawa a zaman makoki.
Kwana tara ina jiƙa kusoshi da gazuwal.
Ɗaya ta karye a hannuna,
na zage ta har kakanninta,
sannan na yi istigifari.

Makullanmu ba su kama ta:
da inci aka auna ta, mu milimita muka sani.
Sai da Abarshi maƙeri ya hura zuga
ya ƙera mata nata, guda shida.

Karbirato fa?
Babu a Tawa, babu a Ƙonni.
A Katako ta Yamai, bayan tulin ƙarafa,
wani tsoho ya jawo shi daga ƙarƙashin gado
naɗe cikin tsumma, kamar gadon uwa.
Ya ce, "Na daɗe ina jiran mahaukaci irinka."
Bai rage mini ko dala ba.

Masu shawara suka ce a shafa ja,
haka take a hoto.
Ni shuni na zaɓa, mai duhu, mai ƙyalli,
irin wanda rawani ke bari a goshi.
Kujeru Raishatu ta ɗinka, matar Agali,
da jar fatar akuya, da tuntaye kore.
Kan giya kuwa icen ƙirya ne, ni na sassaƙa.
Na ɗaga mata ƙugu taƙi guda,
don hanyar Barmu ba ta san kwalta ba.

Shekara uku.
Yatsuna sun manta launinsu.

Wata Alhamis, bayan la'asar, na murɗa makulli.
Ta yi tari. Ta yi shiru.
Ta sake tari, ta tofa baƙin hayaƙi,
sai muryar ta taso daga can ƙasa,
rugugin hadari in ya haɗo daga gabas.
Tantabaru suka watse daga kan soro.
Cima ta fito da muciya a hannu,
ba wanda ya kira ta,
ta buɗe ƙofar gaba ta zauna.
Ta ce, "To, me kake jira?"

Esansi take sha kamar raƙumin da ya dawo daga Azawak.
Daidai bakin tabki ta shanye lita biyar ɗina,
ta tsaya cik.
Ni na tura, Cima na riƙe da sitiyari,
tana dariya har da hawaye.

Da dare, ina share aljihun gaba,
na ci karo da takarda, ta yi ja don tsufa:
sunayen ƙauyuka goma sha ɗaya da rubutun baƙo,
gaban kowane, zurfin rijiyarsa.
Na ƙarshe ba lamba a gabansa.

Na ninke ta, na mayar inda take.
In albasa ta yi kuɗi bana
can za mu fara zuwa, ni da Cima,
mu ga ko sun samu ruwa.